Albashina ba ya kai mu ƙarshen wata, maiɗakina kuma tana son fita: aiki ko karatu?

Assalamu alaikum, Anti. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, ina zaune a gidan haya a Dorayi tare da maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu, babbarsu shekararta tara, autan kuma yana shan nono. Albashina naira 85,000 ne, amma kafin ashirin ga wata na fara karɓar bashi a wurin mai shago. Maiɗakina ta gama sakandare da sakamako mai kyau kafin aurenmu, yanzu tana yin awara a cikin gida, tana samun ribar kamar naira 700 a rana. Wata makarantar kuɗi a Gyaɗi-Gyaɗi ta ce za ta ɗauke ta koyarwa a kan naira 20,000 a wata, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa kuma naira 600 ne. Ita ta fi son ta koma karatu ta yi NCE, wato takardar shaidar koyarwa. Hajiyarmu ba ta son ta fita ko kaɗan, yayana kuma ya ce duk macen da ta fara ɗaukar albashi sai ta raina mijinta. Ni dai na gaji da bashi. In bar ta ta karɓi aikin, ko in tura ta karatun da ban san inda zan samo kuɗinsa ba, ko ta ci gaba da zamanta a gida?
Magidanci daga Dorayi, Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma zan fara da gaya maka inda na tsaya kafin in kawo dalilai: kada maiɗakinka ta karɓi wannan aiki a kan wannan albashi, kada ta saki sana'arta, kuma ka tsaya mata tsayin daka ta koma karatu ta hanyar da gidanku zai iya ɗauka.

Da farko ina so ka sauke wa kanka nauyin zargin da na ji yana yawo a tsakanin layukan wasiƙarka, domin abin da ya same ka ya sami dubban magidanta a wannan gari, kuma ba lalaci ne ya jawo shi ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta tsallake 1,000, kuma duk abin da mota take ɗaukowa daga Dawanau ko 'Yankaba ya bi ta a baya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Gaskiya ne an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, Kano kuma ta mayar da nata 71,000, sai dai albashi sau ɗaya aka ƙara shi, farashin kwanon shinkafa kuwa bai jira izinin kowa ba kafin ya yi ta hawa. Idan ka raba albashinka tsakanin mutum shida na gidanka a kwana talatin, kowane mutum zai tashi da kamar naira 470 a rana, kuma daga cikin wannan ne za a fitar da kuɗin haya, da na ruwan 'yan garuwa, da na wuta, da na magani, da abin da kake kai wa Hajiya. Duk dabarar da mutum yake da ita, wannan lissafi ba ya haɗuwa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarancin kuɗin ba ni tsoro, shi ne cewa rufin gidan gaba ɗaya a kan ginshiƙi guda yake zaune. Shekarun baya muna da wani maƙwabci mai tuƙin adaidaita sahu, mutum mai riƙon gida da mutunci, wanda ya yi hatsari ya karye a cinya, ya kwanta wata biyar. A mako na uku na shiga gaishe shi na tarar an fito da katifa da tukwanen kayan ɗakin matarsa an jingine a tsakar gida ana jiran dillaliya, yaran kuma sun daina zuwa makaranta saboda babu kuɗin kari. Matar tana da hankali da juriya, amma babu wani abu a hannunta da za ta iya juyawa ya kawo ko kwanon gari. Gidan bai taɓa kwana da yunwa ba kafin wannan rana, amma ciwon mutum ɗaya ya isa ya jefa mutum bakwai cikin talaucin da suka yi shekaru suna fita daga cikinsa. Ma'aikacin gwamnati ya fi mai adaidaita rufin asiri ta wannan fuska, amma shi ma yana iya kwanciya ciwo, albashi yana iya makara, kuma rai a hannun Allah yake. Amfanin mai nema na biyu a gida ya wuce ƙarin kuɗin cefane, domin shi ne yake riƙe jinka a ranar da hannu ɗaya ya gaza.

To, ka lura da wani abu da kai da Hajiya da yayanka duka kuka tsallake: maiɗakinka ta riga ta zama mai nema ta biyu a gidanka. Naira 700 a rana, idan ta yi kwana 26 tana suya, ya kama naira 18,200 a wata, kuma na tabbata idan ka bincika za ka tarar da wannan kuɗi ne yake sayen sabulu da omo, da kuɗin karin yara, da gudummawar biki, da maganin zazzaɓin da ba a gaya maka ba. Da shi ne rabon kowane mutum a gidanka yake tashi daga 470 zuwa kusan 570 a rana. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Mahaifiyata a cikin kulle ta yi rayuwar aurenta a cikin birni, amma na tashi ina ganin ta tana murza gyaɗa tun asuba, tana matse mai, tana soya ƙuli-ƙuli, kuma da wannan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ta rufa wa mahaifinmu asiri a lokutan da kasuwa ta juya masa baya. Matan Kano sun daɗe suna tallafar gidajensu daga bayan ƙofa. Don haka gardamar ko mace ta nemi kuɗi an gama ta tun zamanin kakanninmu, abin da ya rage a tattauna shi ne wane irin nema ne zai fi amfanar gidan, kuma me zai ci kafin ya kawo.

Mu ɗauki aikin da aka yi mata tayi mu auna shi da wannan ma'auni. Naira 600 a rana, kwana 22 na aiki, ya zama 13,200, wato daga cikin albashin 20,000 abin da zai shigo gida 6,800 ne kawai. Daga wannan za a cire abin da za a bai wa mai rainon autanku, da kuɗin hijabi da takalmin fita, da ɗan abin da za ta taɓa da rana. Sannan awara sana'ar safe ce ko da yake da yamma ake sayar da ita: sai an jiƙa waken suya, an kai markaɗe, an tace, an ɗora a wuta, an zuba ruwan tsami, an ɗaure an danne ta tsane, kafin a zo maganar suya bayan la'asar. Macen da ta bar gida ƙarfe bakwai ta dawo ƙarfe biyu ko uku a gajiye ba za ta iya wannan ba. Kenan za ku saki 18,200 ku kama abin da bai kai 7,000 ba, kuma wasu makarantun kuɗin ba sa biyan malamai a lokacin dogon hutu. Wannan shi ne a gudu gara a faɗa wa zago. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba za ta cece ta ba, domin ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwanni da yawa a nan suke fakewa. Ba kowace fita aiki ce take rage talauci ba, akwai wadda mai adaidaita ne kaɗai yake cin ribarta.

Tambayar da ta kamata ka yi ita ce me ya sa aka yi mata tayin 20,000 kawai. Amsar ita ce mai makarantar ya san takardar sakandare ce kaɗai a hannunta, kuma ya san idan ta ƙi akwai wasu goma a bakin ƙofa da za su karɓa. Haka ma awarar take. A layinku na tabbata ba ita kaɗai take yi ba, akwai mai ɗanwake, akwai mai taliya da manja, akwai mai zoɓo da ƙanƙara, kuma dukkansu suna sayar wa maƙwabtan da su ma aljihunsu ya bushe, shi ya sa ko farashin wake da mai ya ninka ba ta isa ta ninka kuɗin awara ba, sai dai ta rage girman yanka. Sana'ar da kowa zai iya shiga da jarin naira 5,000 ribarta ba ta girma, komai ƙwazon mai ita. Abin da ilimi yake yi shi ne ya fitar da mutum daga kasuwar da ta cika maƙil ya kai shi wadda masu iya aikin suke da ƙaranci, inda shi ma yake da bakin cewa ga abin da za a biya shi.

Alƙaluman hukuma sun nuna wannan ƙarara. A binciken yanayin rayuwar gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, an samu kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya a ƙarƙashin layin talauci, a Jihar Kano kuma adadin ya kai kusan kashi 55. Da aka rarraba gidajen bisa ilimin maigida, sai aka ga inda maigidan bai yi karatun boko ba ko bai gama firamare ba, talaucin ya kai kimanin kashi 66, inda ya gama sakandare ya sauko zuwa kashi 25, inda kuma ya wuce sakandare ya koma kimanin kashi 18. Waɗannan alƙaluma a kan shugaban gida aka gina su, amma dalilin da ya sa ilimi yake ɗaga abin da namiji yake samu shi ne dai yake ɗaga na mace. Ilimin uwa kuma yana da wata riba da ba ta bi ta aljihu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da iyayensu mata ba su yi karatun boko ba, kimanin 170 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, alhali a wurin matan da suka wuce sakandare adadin 56 ne. Ajali na Allah ne, amma Shi ne ya sanya sababi, kuma uwar da take karanta takardar magani, take bibiyar katin rigakafi, take gane alamar da ke nuna a garzaya asibiti, tana tsare gidanta daga irin ciwon da yake cinye albashin wata uku a kwana huɗu.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba, domin idan na ɓoye yayanka zai kawo maka ita. A Kano akwai mata da yawa da suka gama NCE, har da digiri, takardunsu suna ƙarƙashin akwati shekara da shekaru. Takarda ba ta yi wa kowa alkawarin aiki ba. Abin da take yi shi ne ta ba mutum damar shiga layi a ranar da aka buɗe ƙofa, domin NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimin ƙasa ya amince a koyar da ita, kuma da ita ake yin rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a Dorayi ko Kurna ko Rijiyar Lemo ya ga yawan yaran da ke gaban malami ɗaya ya san buƙatar malamai ba mai ƙarewa ba ce nan kusa. Saboda haka zaɓin kwas yana da muhimmanci ƙwarai. Kada ta karɓi duk abin da aka ba ta don dai a ce tana makaranta. Idan tana da ƙarfi a lissafi, ko kimiyya, ko Turanci, ko tana da haƙurin koyar da ƙananan yara karatu da rubutu, to nan ta dosa, domin waɗannan su ne fannonin da makarantu suke nema, kuma su ne iyaye suke biya a koya wa 'ya'yansu da yamma. Macen da ta iya koyar da lissafi sosai tana iya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta bayan la'asar ta tara yara goma na unguwa, ba tare da ta biya ko sisin adaidaita ba.

Game da inda za ta yi karatun, Allah ya wadata Kano da makarantu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, akwai tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, FCE, a Kabuga wadda ba ta da nisa da ku, akwai Kwalejin Aminu Kano da aka fi sani da Legal, sannan akwai tsarin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda take koyar da NCE daga nesa ana haɗuwa a ƙarshen mako. NCE ta kullum shekara uku ce, ta ƙarshen mako kuwa takan fi haka tsawo, amma ita ce nake ganin ta dace da gidanku, domin za ta bar wa maiɗakinka kwanakin mako ta ci gaba da sana'arta da kula da yara. Idan kuma zuciyarta ta fi karkata ga aikin lafiya, akwai Makarantar Fasahar Lafiya inda ake horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, wanda karatu ne mai daraja da kasuwa, sai dai yana buƙatar zuwa kullum da zaman asibiti, don haka ya fi nauyi ga mai goyo. Ku je da ƙafarku ofishin makarantar ku tambayi kuɗin rajista da sharuɗɗan shiga, kada ku bi ta hannun wanda zai ce a ba shi wani abu ya samo gurbi, kuma ku tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin kafin ku biya ko kwabo.

Maganar kuɗin karatu ita ce mai wuya, kuma gara ka shiga da idonka a buɗe: shekarun karatun za su fi na yanzu matsi. Ban da kuɗin rajista akwai na mota, da fotokwafi, da littattafai, da watannin koyarwar gwaji da za ta riƙa fita kullum ba albashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shawarata ita ce ku ba kanku shekara guda ta shiri, wadda za ta zo daidai da yaye autan. A cikinta ku shiga adashin da kwasarsa za ta faɗo a watan rajista, ita ta riƙa zubi daga ribar awara, kai ma ka riƙa sanya naka komai ƙanƙantarsa, domin ranar da ta ga kuɗinka a cikin karatunta za ta san abin na ku biyu ne. Ku nisanci bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa, waɗanda suke aika wa dangin mutum saƙon cin mutunci idan ya makara da biya. Ita kuma ta faɗaɗa sana'ar a wannan shekara, ta nemi mai shago ko mai shayi da zai riƙa sarar awarar, kuma idan ta fara karatu ta tuna cewa ɗaliban da suke wuni a makaranta ranar Asabar su ma suna jin yunwa.

Akwai wani kuskure da nake roƙon ka da girman Allah kada ku faɗa cikinsa, domin na gan shi ya lalata gidaje da yawa da suka fara da kyakkyawar niyya. Idan uwa ta fita, nauyin da ta bari yakan faɗo a kan babbar 'ya. Yau a ce ta zauna ta riƙe ƙaninta, gobe a ɗora mata farantin awara ta kai bakin titi, kafin a ankara ta daina zuwa aji, ta koma 'yar talla. Idan haka ta faru, kun sayi ilimin uwa da na 'yarta, talaucin da kuke kora ta ƙofa ya zagayo ta taga ya jira jikokinku. 'Yarka mai shekara tara ta taimaka da sharar tsakar gida da wanke-wanke kamar kowace yarinya, amma makarantarta ta boko da ta Islamiyya kada a taɓa su ko na rana ɗaya saboda wannan shiri.

Yanzu bari in zo kan hakkin kuɗin, wanda a ganina shi ne ainihin wurin da aure yake gyaruwa ko ya ɓaci idan mace ta fara samu. A shari'a ci da sha da tufafi da muhalli a wuyanka suke gwargwadon ƙarfinka, ko da maiɗakinka ta fi ka samu, kuma abin da ta nema da guminta nata ne, kamar yadda aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta tabbatar cewa maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Abin da ta sanya a gida kyauta ce da sadaka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara musu yarda, ta aika a tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya halatta ta ciyar da mijinta da marayun da suke hannunta daga sadakarta, sai ya amsa cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ka ga ke nan babban sahabi kamar Ɗan Mas'ud matarsa ta tallafa masa, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Abin da yake ɓata lamarin shi ne halin wasu maza, waɗanda da zarar matar ta fara ɗaukar albashi sai su janye hannu daga cefane, su bar mata kuɗin makaranta da na magani, wasu har su karɓe katin cirar kuɗinta, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wasu kuma da sun ji nauyi ya ɗan ragu sai su tafi neman ƙarin aure da sararin da guminta ya samar. A irin wannan gida ba a sami mai nema na biyu ba, an dai sauya wanda yake ɗauke da kayan ne, kuma talaucin yana nan inda yake, an ƙara masa ɓacin rai. Kuɗi biyu suna ɗaga gida ne idan na biyun ya hau kan na farko. Saboda haka tun kafin ta cike fom ku zauna ku biyu ku yi magana a fili: kai za ka ci gaba da ɗaukar abin da Allah ya ɗora maka, ita kuma ta faɗi da bakinta abin da za ta iya taimakawa da shi da daɗin rai, ku kuma amince cewa wani kaso na abin da ya ƙaru ajiya za a yi da shi, ko na haya, ko na fili, ko na ranar ciwo.

Maganar yayanka ta raini ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba, domin akwai matan da samu ya sauya su, kamar yadda akwai mazan da ya sauya. Amma ka yi shekara goma da wannan baiwar Allah, ka fi yayanka sanin halinta, kuma ta daɗe tana cike maka gurbi da kuɗin awara ba ta yi maka gori ba, in da ta yi da ka ambata a wasiƙarka. A abin da na gani a rayuwa, babu abin da yake kawo raini da tashin hankali a gidan aure kamar a wayi gari babu abin ɗorawa a wuta, yara suna kuka, mai shago yana aiko yaro karɓar kuɗinsa. Macen da mijinta ya kai ta makaranta da hannunsa, ya zauna da yara ranar jarrabawarta, ya jira ta a bakin titi da magariba, da wuya ta manta masa da wannan.

Hajiya kuwa a bi ta da ladabi, kuma kai ne za ka je, kada ka tura maiɗakinka, kada kuma ka bari ta ji a bakin wani. Tsoronta na uwa ne: tana gudun a ce ɗanta ya kasa riƙe gida, tana gudun jikokinta su tagayyara. Ka je mata da daddare lokacin da babu kowa, ka buɗe mata lissafin gidanka kamar yadda ka buɗe mini, domin mai yiwuwa ba ta san kana cin bashi ba. Ka tuna mata cewa ita kanta idan ta je asibitin Murtala ta fi son mace ta duba ta, kuma ta fi son mace ta koyar da jikokinta mata, waɗannan matan kuwa 'ya'yan wasu ne kuma matan wasu ne da aka bari suka yi karatu. Ka tuna mata da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, har wannan tsari na 'yan taru ya wanzu bayanta. Sannan ka nemi albarkarta da taimakonta, ka roƙe ta a riƙa kawo mata yaran ranar Asabar. Sau da yawa uwar da aka nemi shawararta takan zama mai kare abin da da farko ta ƙi. Idan ta tsaya a kan bakanta, ka nemi ƙaninta ko malamin da take jin maganarsa ya sa baki, kuma ka ba ta lokaci, tunda dama shekara guda kuke da ita.

Kai ma akwai naka rabon aikin. Ranar da take makaranta abinci ba zai dafa kansa ba, don haka ka saba da yi wa yara wanka da ɗumama tuwo, ka kuma duba ko akwai wani abin da za ka iya juyawa bayan tashi daga ofis, ko wani kwas da zai taimaka maka a ƙarin girma.

A wannan makon ku sayi ƙaramin littafi ku fara rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har da kuɗin markaɗe da gawayi da mai, domin ku san ainihin ribar awarar da abin da za ku iya zubawa a adashi. Ita kuma ta buɗe akwati ta fito da sakamakon jarrabawarta ku duba tare ko tana da kiredit a Turanci da lissafi. Idan akwai wanda ya faɗi, sai ta yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, ta fara bita tun yanzu da daddare bayan yara sun yi barci. Mai makarantar Gyaɗi-Gyaɗi kuma ku ba shi haƙuri cikin mutunci, ku bar ƙofar a buɗe, ta yiwu nan da 'yan shekaru ta koma masa da takarda a hannu su yi sabon ciniki. Allah ya buɗa muku, ya raya zuri'a, ka kuma rubuto mini idan kun yi magana da Hajiya.